Wane mastas zan yi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina neman shawara. Na yi lisans, wato digirin farko, a fannin shari'a a Ngaundere ta Kamaru, yanzu ina aiki a ofishin rajistar ɗalibai, kullum ni da tarin fayiloli da hatimi. Burina in hau sama a gudanar da jami'a, tunda Garwa ma ta samu tata a 2022.

Kaina ya ɗaure tsakanin mastas na gudanar da gwamnati da na kimiyyar ilimi. Kawuna ya ce in manta da duka, in zauna jarrabawar shiga ENAM, makarantar horar da ma'aikatan gwamnati da alƙalai, a Yawunde. Amma shugabannin jami'a farfesoshi ne, shugaban ƙasa ke naɗa su. To, ba dokta ba hawa ke nan? Shekara biyu da kuɗin makaranta ba wasa ba ne ga mai iyali. Wanda ya bi hanyar nan, don Allah ya haska mini.