Farin abu kamar auduga a jikin bishiyar beech: ƙwaro ne ko funfuna?

Bazazzagi a Halifax:
Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da zuwana karatu Halifax, a Kanada. Bayan gidan da nake haya akwai ɗan kurmi na bishiyar da suke kira beech, mai ɓawo ruwan toka, sumul. Ranar Asabar na tarar da ɗaya ta yi fari fat tun daga gindi har iya inda hannuna ya kai, kamar an barbaɗa mata gari. Na kankare da farce, sai ga 'yan ɗigo-ɗigo rawaya a ƙarƙashi, ko motsi ba sa yi. Ta kusa da ita kuwa ɓawon duk ya yi ƙuraje ya tsattsage. Abin ya tsaya mini a rai, don irin farin nan na sha gani a gonar rogon babanmu. Ƙwaro ɗaya ne?

Malamin Ƙwari:
Wa alaikumus salam, ƙanena. 'Yan uwa ne, amma ba gida ɗaya ba. Dukansu suna cikin rukunin Hemiptera, masu bakin tsotso, inda kuɗin cizo ma yake. Na rogo ɗan dangin Pseudococcidae ne. Naka Cryptococcus fagisuga ne, wanda aka daɗe ana sa shi cikin Eriococcidae, ko da yake wasu masana sun ware masa dangin Cryptococcidae.

Ɗigon nan rawaya shi ne ƙwaron, tsawonsa bai wuce milimita 1 ba. Farin kuma wani abu ne mai kama da kakin zuma da yake fitarwa ya lulluɓe kansa. Abin da ya fi burge ni: dukansu mata ne, ba a san namijinsu ba, ƙwai suke yi ba tare da barbara ba, sau ɗaya a shekara. 'Ya'yan ne kaɗai ke da ƙafar tafiya, iska ma takan kwashe su zuwa wata bishiya. Da zarar 'yar ƙwaron ta kafa bakinta, siriri kamar zare, cikin ɓawo, ta zauna ke nan har mutuwa.

Kuma ka san a garin da kake abin ya fara? Wajen 1890 ya shigo Halifax a jikin bishiyoyin ado da aka kawo daga Turai.

Maman Yasmin, jihar Maine ta Amurka:
Malam, ƙurajen fa? Mu nan da wuya ka ga beech mai lafiyayyen ɓawo, har tausayi suke ba ni.

Malamin Ƙwari:
Hajiya, wannan aikin funfunar Neonectria ne. Ƙwaron ya huda, ita kuma ta bi ta raunin ta kashe ɓawon, in ciwon ya zagaye gangar jikin, bishiya ta bushe. Da kaka ki duba da kyau, za ki ga 'yan ƙwayoyinta jajaye a tattare. 'Yan ƙalilan cikin bishiyoyin ne ƙwaron ba ya iya kamawa.

Bazazzagi a Halifax:
Allah ya ƙara sani, Malam. Ai kuwa akwai wata guda a tsakiyarsu, tas take, ko ɗigo babu. Gobe in sha Allahu zan koma da gilashin ƙara girma in ɗauko muku hotonta da na maƙwabciyarta.