An canza katin HBA, fitila ta yi kore, amma saba ba ta ganin rumbu

Sabon Hannu: Assalamu alaikum manyanmu. Daren jiya katin HBA na wata saba a wurin aikinmu, wato katin da ke haɗa ta da rumbun ajiya ta faiba, ya mutu, muka sa sabo. Na mayar da kebul ɗin faiba inda yake, fitila ta yi kore a jikin katin da kuma suwic, gudun ya nuna 16G yadda aka saba. Amma sabar ta tashi ba ta ga LUN ko ɗaya daga rumbun ajiya ba, wato yankin faifai da rumbu yake ware wa saba. Sai da asuba maigidana ya zo ya gyara cikin minti goma, yana sauri bai samu yi mini bayani ba. Abin ya tsaya mini a rai. Don Allah duk wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba mu labarin yadda ta kaya.

Injiniyan Dare: Wa alaikumus salam ƙanena. Shekarar da na fara aiki na kwana a kan irin wannan, ina canza kebul bayan kebul, alhali kebul ba shi da laifi. Fitilar nan haske kawai take shaida maka, cewa yana zuwa yana komowa. Ba ta san komai game da izini ba.

A Fibre Channel, wato netwok ɗin ajiya na faiba irin naku, kowace kafar kati tana da abu biyu: suna da adireshi. Sunan shi ne WWPN, bit 64, ana rubuta shi da alamomi 16 a jere, bibbiyu, kuma daga masana'anta katin yake zuwa da shi. Adireshin kuwa suwic ne yake bayarwa. Da zarar katin ya ga haske sai ya aika FLOGI, wato saƙon neman shiga, zuwa FFFFFE, adireshin da suwic ke karɓar masu shiga, suwic ya ba shi lamba mai bit 24, wadda ta kasu uku: kashin farko lambar suwic ɗin ce, sauran biyun suna nuna inda kafar take a jikinsa. Daga nan sai katin ya je wurin mai rajistar sunaye a FFFFFC, ya rubuta kansa, ya tambaya su wa ke nan. To a nan gizo ke saƙar. Mai rajista ba ya faɗa masa kowa sai waɗanda suke zon ɗaya da shi, wato rukunin da aka tsara a suwic na waɗanda aka yarda su ga juna. Sabon katinka ya samu adireshi lafiya lau, amma sunan da ke cikin zon na mataccen katin ne, saboda haka aka ba shi amsa wayam. Ina da yaƙinin wuri biyu maigidanka ya taɓa: zon a suwic, da jerin sunayen da rumbun ya yarda ya nuna wa LUN. Ka gyara ɗaya ka bar ɗaya, har yanzu ba za ka ga komai ba.

Hajiyar Rumbu: Sannu ɗana. Ni a mataki na biyun na faɗi. Katin yana da suna iri biyu, WWNN na na'urar da WWPN na kafar, kuma a katunan QLogic da muke da su bambancin ɗan ƙanƙani ne: ɗaya yana farawa da 20:00, ɗayan da 21:00, sauran duk kama suke. Wani abokin aiki ya turo mini hoton takardar da ke manne a jikin katin, na kwafi na 20:00 na shigar a rumbu. Awa uku muna nema, masu amfani da manhajar albashi suna ta kira, ga ƙarshen wata. Tun ranar na daina kwafar suna daga takarda ko hoto. Daga suwic nake ɗauka, domin shi ya ga abin da katin ya faɗa da bakinsa: umarnin switchshow idan suwic ɗin Brocade ne, show flogi database idan na Cisco ne. A Linux kuma yana nan cikin /sys/class/fc_host, fayil ɗin port_name, ba node_name ba.

Ɗan Damagaram: Mu namu akasin naku ne. Wanda ya kafa wurinmu da lambar suwic da lambar rami ya yi zon, ba da suna ba. Idan an canza kati zon ba ya cewa komai. Amma wata rana cikin hunturu wani rami ya fara yawan kurakurai, muna zargin ƙura, sai yaronmu ya zare kebul ya mayar ramin da ke kusa, da kyakkyawar niyya. Nan take saba ta rasa hanyar. Abin da ya fi tayar mini da hankali daga baya shi ne duk wanda ya soka kebul a tsohon ramin ya gaji izinin waccan sabar a suwic. Na mayar da mu zon na suna, kuma kowane zon saba ɗaya ce a ciki.

Injiniyan Dare: Ka yi daidai Malam. Kuma a kula da abu ɗaya a Brocade, ya taɓa cin mini rabin dare: cfgsave ajiyewa kawai yake yi. Sai an yi cfgenable sabon zon yake fara aiki.

Mai Ethernet: Ku yi haƙuri in shigo da tamu, ko da yake ba mu da faiba, iSCSI muke yi, wato haɗa saba da rumbu a kan netwok na yau da kullum, ta ƙofar TCP 3260. A nan adireshi IP ne, suna kuma IQN, irin iqn.1991-05.com.microsoft a Windows ko iqn.1994-05.com.redhat a Red Hat, sai jelar da ta bambanta kowace na'ura. Bambancinsa da naku, ba a jikin ƙarfe yake ba, rubutu ne a fayil, /etc/iscsi/initiatorname.iscsi. Mun kwafi wata saba sukutum don mu samu ta biyu, sunan ya biyo kwafin. Ku matsalarku rumbu bai san sabon suna ba, ya rufe ƙofa. Mu rumbu ya ga suna ɗaya a wuri biyu, ya buɗe wa duka. Haɗin yana yankewa yana dawowa, wannan ta shiga ta kori waccan, kuma su biyun suna rubutu a faifai ɗaya wanda tsarin fayilolinsa ba a yi shi don rabawa ba. Sai da muka dawo da bayanan kwana guda daga ajiyar ko-ta-kwana. Wallahi gara irin taku sau goma, domin ku babu abin da ya lalace. Masu komawa NVMe a kan TCP, wata hanyar haɗa saba da rumbu, su ma su duba /etc/nvme/hostnqn kafin su kwafi saba, tarkon iri ɗaya ne.

Sabon Hannu: Allah ya saka muku da alheri. Na duba yau, haka ne, maigida ya canza WWPN a laƙabin sabar da zon yake amfani da shi a suwic, sannan ya canza a rumbu. Amma na ga wani abu da bai kwanta mini ba. Katin mai kafa biyu ne, kuma kebul ɗin duka biyun suwic ɗaya suka shiga.

Hajiyar Rumbu: Idonka ya gani daidai. Kafa biyu a kati ɗaya, suwic ɗaya, wannan hanya ɗaya ce aka yi mata kebul biyu, shi ya sa mutuwar kati guda ta tsayar muku da komai. Mu sai ranar da aka ɗauke wuta, batirin ɗaya suwic ɗin bai riƙe ba, muka gane sabobi huɗu haka aka haɗa su. Ka kai wa maigidanka maganar cikin ladabi: kati biyu, ɗaya ya tafi fabrik A, ɗaya fabrik B, wato kowanne da nasa suwic daban, kada a haɗa suwic ɗin biyu da juna. Idan an gama, a zaɓi lokacin da ba aiki, ka buga umarnin multipath -ll a sabar ka ƙirga hanyoyin da take bi zuwa rumbu, ka zare kebul ɗaya da hannunka, ka sake bugawa. Ka dawo ka faɗa mana nawa suka rage.