Kashmir bayan 2019: layin waya, takardar zama da motocin tuffa

Mai buɗe zaren: Assalamu alaikum. Waɗanda suka yi karatu ko kasuwanci a Kashmir ɓangaren Indiya, ku faɗa mana yadda talaka ke tafiyar da harkarsa tun 5 ga Agustan 2019, ranar da Delhi ta soke sashe na 370 na tsarin mulkin Indiya, wanda ya ba jihar Jammu da Kashmir matsayi na musamman, aka kuma raba jihar gida biyu, Jammu da Kashmir a gefe, Ladakh a gefe.

Ɗalibar Srinagar: Wa alaikumus salam, Malam. A fara da waya. Layin sa-kati da aka saya a wata jiha ba ya aiki a Kashmir ko kaɗan, sai layin biyan kuɗi a ƙarshen wata. Lokacin da gwamnati ta katse sadarwa a Agustan 2019 ma, cikin layukan wayar hannu shi aka fara buɗewa, ranar 14 ga Oktoban 2019, shi ma kira kawai. Intanet ta dawo a Janairun 2020 da ƙarfin 2G, kan 'yan shafukan da gwamnati ta amince. 4G kuwa sai Fabrairun 2021. Kenan zaman korona na 2020 yara da yawa sun yi shi ba darasin bidiyo, sai malami ya naɗi murya ya tura. Mutanen Zamfara da suka ga katsewar layi a 2021 sun san zafin abin.

Mai aikin takardu: Gaskiya ne, 'yar'uwa. Sai takardar shaidar zama, wadda ta maye gurbin ta ɗan asalin jiha a 2020. Ana ba wanda ya shekara 15 a yankin, ko wanda ya yi karatun shekara 7 ya kuma zana jarrabawar aji 10 ko 12 a can. Jami'in ƙasa da haraji na gunduma ke bayarwa, kuma babu aikin gwamnati sai da ita. Abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne a da baƙo ba ya sayen fili, amma dokar Oktoban 2020 ta buɗe masa filin da ba na noma ba. Fasfo kuma sai 'yan sandan ciki sun tantance. Sunan matashi ya taɓa shiga rahoton jifan jami'an tsaro da dutse, takardarsa ta maƙale.

Dillalin tuffa: Ni dai a ganina hanya ce ke karya mutane. Mafi yawan tuffar Indiya daga kwarin Kashmir take fitowa, ana tsinka daga Satumba zuwa Oktoba, a haɗa a kasuwar Sopore, a loda zuwa kasuwar Azadpur ta Delhi. Babbar hanya ɗaya ce, NH44. Dutse ya zaftare a Ramban, ko a tsayar da manyan motoci don ayarin soja ya wuce, sai ka ga layi a Qazigund kwana da kwanaki, kamar a Satumban 2022. Motocin ba na'urar sanyaya, kayan su yi laushi, dillalin Delhi ya rage kuɗi. Mai hali yana kai nasa rumbun sanyi a Lassipora ya jira farashi, ƙaramin manomi kuwa ya sayar a wulaƙance. Akwai wata hanyar, ta Mughal da ke bi ta Shopian, tana taimako, amma ƙanƙara na rufe ta.

Hajiya mai saƙa: Shi ya sa matan gida ke shanya kabewa, tumatir da gauta tun da zafi, a tanadi shinkafa da gawayin kangri, tukunyar garwashin da ake rungumewa cikin riga. Tanadin hunturu ne tun kaka da kakanni, yanzu kuma ya zama na ranar dokar hana fita.

Mai aikin takardu: Hajiya, a ƙara da wannan: an yi zaɓe a 2024, Omar Abdullah ya zama babban minista, amma 'yan sanda na hannun gwamnan da Delhi ta naɗa. Ƙorafin kamu ba ofishin minista ake kai shi ba.