SEER, EER, COP: wace lamba zan duba kafin in sayi na'urar sanyaya gida?

Mai neman sani:

Assalamu alaikum. Jama'a, ina neman shawarar waɗanda suka san wannan harka. Ina so in sa na'urar sanyaya ɗaki a falo mai faɗin mita 5 da tsawon mita 6. Tagogi biyu ne suna kallon yamma, kuma babu bene a sama, rufi ne kawai. An nuna mini iri biyu: ɗaya AC ce ta sanyi zalla, ɗayar kuma an ce famfon zafi ce, wato tana sanyaya ɗaki lokacin zafi, ta ɗumama shi lokacin sanyi. A takardar ta farko an rubuta SEER 20, a ta biyun SEER 6.5, amma an ce mini duka ba sa shan wuta. Ga kuma BTU da EER da COP. Wacce ce abin dubawa a cikinsu? Sannan ko ya fi in ɗauki babba don falon ya riƙa saurin yin sanyi?

Injiniyan sanyi:

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka fara da gane cewa waɗannan na'urori biyu abu ɗaya ne a ciki. Babu wadda ke ƙera sanyi. Dukansu kwashe zafi suke yi daga wani wuri su zubar a wani. Gas ɗin da ke cikin bututu yana tafasa a kwayil ɗin ɗaki, wato lanƙwasasshen bututun da ke cikin ɓangaren na'urar na ɗaki, ya tsotse zafin iskar da fanka ke hurawa a kansa. Kwamfaresa ta matse shi har ya fi iskar waje zafi, ya sauke zafin a kwayil ɗin waje, ya koma ruwa, ya bi ta ƙaramar ƙofa inda matsinsa ke faɗuwa, ya sake shiga ɗaki. Abin da famfon zafi ya fi AC da shi bawul ne guda mai baki huɗu da ke juya hanyar gas ɗin, sai kwayil ɗin waje ya zama mai tsotsa, na ɗaki ya zama mai zubarwa.

BTU ba ya gaya maka komai a kan shan wuta. Girman aiki ne, yawan zafin da na'urar ke iya fitarwa cikin awa ɗaya. BTU 12,000 a awa shi ake kira tan ɗaya, daidai da kilowat 3.5 na zafi. Lambar HP da ake yawan kira a kasuwa laƙabi ne kawai: HP 1 wajen BTU 9,000, HP 1.5 wajen 12,000, HP 2 wajen 18,000. Kamfanoni ba su daidaita a kai ba, don haka BTU ɗin ko kilowat ɗin da ke jikin ƙarfen na'urar za ka karanta.

EER shi ne ka raba BTU da wat ɗin da na'urar ke sha, a yanayi guda: zafin waje digiri 35, na ɗaki wajen 27, tana aiki da dukan ƙarfinta. Mai BTU 12,000 da ke shan wat 1,000 tana da EER 12. In wat 1,333 take sha, EER ɗinta 9 ne. COP ma haka yake, sai dai wat ake rabawa da wat. In ka raba EER da 3.412 ka samu COP, wato EER 12 daidai yake da COP 3.5.

A nan ruɗanin da ka gani ya samo asali. Ma'aunin Amurka yana lissafin SEER, wato matsakaicin EER na dukan lokacin zafi, da BTU a kan wat, na Turai kuma wat a kan wat. Ninka 6.5 ɗin nan da 3.412, za ka samu 22 da 'yan kai. Ke nan wadda ta yi kama da ƙarama ba ta gaza ɗayar ba, tana ma iya ɗara ta. Kada ka ɗauki wannan juyi a matsayin daidai wa daida, domin yanayin da kowane ɓangare ke gwaji da shi ya bambanta, amma ya isa ya hana a ruɗe ka. Haka kuma in ka ga SEER2, sabon gwajin Amurka ne da ya fara aiki a 2023, kuma ga na'urori masu hanyoyin iska lambarsa kan fito ƙasa da tsohon SEER da kusan kashi 5 cikin 100 a na'ura iri ɗaya.

SEER kuwa matsakaici ne na dukan lokacin zafi, an haɗa da ranakun da na'urar ke aiki rabi da rabi. Yi wannan lissafi da kanka. Mai BTU 12,000 da ta yi aikin awa 1,600 na cikakken ƙarfi a shekara: a SEER 14 za ta sha yunit 1,371, a SEER 20 yunit 960, a SEER 26 yunit 738. Hawa shida na farko ya rage maka yunit 411, hawa shida na biyu ya rage 222 kacal, alhali galibi shi ya fi tsada. Ka ninka yunit ɗin da za a rage da kuɗin wutarka, ka ga shekara nawa za ta ɗauka kafin ta mayar maka da rarar kuɗin saye.

Mai lissafin nauyin zafi:

Ɗan'uwa, batun "in ɗauki babba" shi ne na fi so ka janye daga ranka, don nan mutane suka fi yin asara. Na'urar da ta fi ƙarfin ɗaki tana sauke zafin iska cikin 'yan mintuna, ta tsaya, ta sake tashi, ta sake tsayawa. Ita kuwa laima ba ta fita sai kwayil ya daɗe da sanyi har ruwa ya taru a kansa ya bi bututun magudana. Sakamakon shi ne ɗaki mai sanyi amma jiki na danƙo, mutum ya yi ta sauke rimot zuwa 16 yana neman daɗin da ba zai samu ba. Yawan tashi da tsayawar kuma yana gajiyar da kwamfaresa da kafasita.

Falonka murabba'in mita 30 ne. Ƙiyasin gaggawa da masu aikin ke yi shi ne wat 100 zuwa 150 ga kowace murabba'in mita, wato wat 3,000 zuwa 4,500, ko BTU wajen 10,000 zuwa 15,000. Ka ga zaɓinka ko mai 12,000 ne ko mai 18,000. Abin da zai raba gardamar su ne tagogin nan da rufin. Gilashi fari da rana ke duka kai tsaye da la'asar yana iya shigo da zafin da ya kai wat 500 a kowace murabba'in mita. Tagogi biyu masu murabba'in mita ɗaya da rabi kowacce, wat 1,500 ke nan, sama da BTU 5,000, kusan rabin ƙarfin na'ura mai tan ɗaya. Labule na ciki yana ragewa kaɗan, amma zafin ya riga ya ƙetare gilashi. Rumfa ko inuwa daga waje ita ce ke tare shi tun bai shigo ba. Ka ƙara wajen wat 100 zuwa 120 ga kowane mutum da ke zaune, sannan duk wat ɗin da talabijin da fitilu ke sha a ƙarshe zafi yake zama a cikin ɗakin.

In akwai silin mai abin tare zafi kuma ka yi wa tagogin inuwa, mai 12,000 na iya isa. In rufin tsirara yake kuma rana na dukan gilashi, mai 18,000 za ka nema, kuma ta zama mai inbata don ta iya sassautawa da dare.

Injiniyan sanyi:

Na yarda da wannan, sai dai a ƙara abu ɗaya a kan inbata. Ita inbata rage gudun kwamfaresa take yi maimakon kashe ta, shi ya sa SEER ɗinta ke tashi, kuma ba ta fizgar wuta wajen tashi kamar mai gudu ɗaya, wadda kan ja ninki da yawa na wutar aikinta cikin daƙiƙar farko. Amma tana da iyakar da ba ta iya sauka ƙasa da ita. Ka duba takardar, za ka ga an rubuta mafi ƙarancin ƙarfi da mafi yawa. In ƙaramin ya fi abin da ɗakin ke buƙata, ita ma kashewa da kunnawa za ta koma yi.

Sannan in inda kake zafi na wuce digiri 40 na tsawon watanni, EER ya fi SEER gaya maka gaskiya, domin na'urar za ta wuni a cikakken ƙarfi, babu sassaucin da inbata za ta ci riba da shi. Ka nemi ajin yanayi a takarda. T1 gwajin digiri 35 ne, T3 gwajin digiri 46. Duk na'ura tana rasa ƙarfi kuma tana ƙara shan wuta idan iskar waje ta yi zafi, saboda haka BTU ɗin da aka auna a 35 ba shi za ka samu a 46 ba.

Mai haɗawa da gyara:

Malam, duk lambobin nan a ɗakin gwaji aka same su, da gas daidai awo da bututu mai tsabta. Ranar haɗawa ce za ta nuna ko za su biyo ka gida. Ka tsaya a wurin, ka sa ido a kan waɗannan.

Bayan an ɗaure bututun jan ƙarfe, a cika shi da naitirojin a bar shi a ga ko matsin zai faɗi, a shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa. Mafi yawan yoyon gas daga bakin bututun da aka buɗe kamar kakaki yake fitowa: ko an bar ƙaiƙayin ƙarfe a bakin, ko an ɗaure notin ya wuce kima har bakin ya tsage. Akwai sifana mai auna ƙarfin ɗauri, da ita ake yi.

Sai zuƙe iska da injin bakyum har ma'aunin ragowar iskar da ke cikin bututun ya sauka zuwa maikiron 500, a rufe a jira a ga bai hau ba. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa. Wasu sukan buɗe gas kaɗan ya kora iskar, su ce an gama. Ba a gama ba. Iskar da ta rage tana ɗaga matsi, wuta ta ƙaru. Danshin da ya rage kuma yana haɗuwa da man kwamfaresa ya zama asid, ya ci rufin wayoyin da ke cikinta sannu a hankali, sai bayan shekara biyu ko uku a ce na'urar ce ba ta da kyau.

Gas ɗin da ya zo a cikin na'urar an auna shi ne don bututu mai wani tsawo, galibi mita 5 ko 7.5. In naka ya wuce, ana ƙara gas da sikeli, sau da yawa giram 15 zuwa 20 a kowace mita, gwargwadon abin da littafin na'urar ya ce. Ba a ƙara shi da taɓa bututu a ji sanyi. Kuma gas ba ya ƙarewa kamar mai a mota. Duk na'urar da ke neman ƙari, yoyo take yi, sai an nemo wurin an toshe.

A naɗe bututun biyu kowanne da rigarsa mai tare zafi. Bututun magudana ya gangara aƙalla santimita ɗaya a kowace mita, in ba haka ba ruwa zai dawo ya bi bango. Na'urar da ke waje kuma a ba ta sarari gaba da baya yadda littafin ya nuna. In aka cusa ta a lungu, iskar zafin da ta fitar ita za ta sake shaƙa. Da an kunna an bar ta minti 15, a auna iskar da ke shiga da wadda ke fita: bambancin digiri 8 zuwa 12 alama ce mai kyau. Ragar tace ƙura kuwa a wanke ta duk mako biyu zuwa huɗu, don in ta toshe kwayil kan kama ƙanƙara.

Ka duba irin gas ɗin ma. R22 tsohon yayi ne da ake janyewa a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, kada ka sayi sabuwar na'ura da shi. R410A ma ana rage shi bisa gyaran Kigali na 2016, domin ƙarfinsa na ɗumama duniya ya ninka na iskar kabon dayoksaid sau 2,088, na R32 kuma sau 675. R32 yana ɗan kama wuta, R290 yana kamawa sosai, saboda haka sai wanda ya san aikinsu zai taɓa su.

Mai neman sani:

Allah ya saka muku da alheri, kun buɗe mini ido. Saura ɗaya: ɓangaren ɗumamawar ya cancanci ƙarin kuɗin? Sanyinmu ba ya kai ƙanƙara, da wuya ya sauka ƙasa da digiri 8 da asuba.

Injiniyan sanyi:

Amin, Malam. In dama kana kunna hita mai waya a irin waɗannan ranaku, ya cancanta. Hita tana mayar da yunit ɗaya na wuta ya zama yunit ɗaya na zafi, COP ɗinta 1 ne, ba ya wuce haka. Famfon zafi a digiri 7 na waje, inda ake gwada shi, yakan ba da yunit 3 zuwa 4, don zafin da ke cikin iskar waje yake jawowa. Sanyinku kusan daidai da ma'aunin gwajin yake, saboda haka COP ɗin da ke takarda shi za ka gani, ko kusa da shi. A takardar Turai lambar lokacin sanyi ita ce SCOP, a ta Amurka HSPF, ko HSPF2 a sabon gwajin.

Wahalar famfon zafi tana farawa ne idan waje ya kusa sifiri kuma akwai laima. Kwayil ɗin waje kan yi ƙanƙara, na'urar ta dakatar da ɗumama ɗaki na 'yan mintuna ta narkar da ita, ka ga tururi na tashi ruwa na ɗiga ƙarƙashinta. Ba lalacewa ba ce, kuma kai da wuya ka riƙa ganin haka. Duk da haka ka sa a ɗaga ta wajen daga ƙasa a ba ruwan hanyar fita, domin lokacin ɗumamawa ta wajen ce ke zubar da ruwa, ba ta ɗaki ba. In kuwa ba ka taɓa buƙatar ɗumama falon ba, ɗauki ta sanyi zalla mai EER mai kyau, rarar kuɗin ka sa a silin da inuwar tagogin yamman nan.