Acropora ya koma ruwan ƙasa a ƙarƙashin fitilar LED: laifin launin haske ne?

Bature_Murjani: Assalamu alaikum masana. Tankin ruwan gishiri ne mai lita 250, zurfinsa santimita 50. Fitilar LED ce mai layuka biyar: shuɗi kashi 40, shunayya 20, fari 40, ja da kore 20 kowanne, tana kunne awa 12. Murjanina nau'in Acropora da Montipora sun zo da kore da shunayya, cikin wata biyu duk sun koma ruwan ƙasa. A awon ruwa, nitrate 25 ppm, phosphate 0.2 ppm. Wane layi zan ƙara?

Malam_Ilu: Wa alaikumus salam. Launi iri biyu ne a jikin murjani, sai ka raba su tukuna. Ruwan ƙasan nan na ƙananan gansakuka ne da ke zaune cikin tsokarsa, waɗanda ake kira zooxanthellae, su ke sarrafa haske su ciyar da shi. Sinadarin chlorophyll da ke cikinsu ya fi shan shuɗin haske a wajen nanomita 440 zuwa 460 (ma'aunin tsawon zangon haske), sinadarin peridinin kuma yana kamawa har kusan 550. Idan haske ya yi ƙaranci ga abinci, wato nitrate da phosphate, ya yi yawa a ruwa, sai su ninka su ƙara duhu, su rufe komai.

Kore, ja da shunayya kuwa furotin ne da murjanin kansa yake yi. Wasu suna shan shuɗi su mayar da kore mai ƙyalli a wajen nanomita 500 zuwa 520. Wasu ba sa ƙyalli ko kaɗan, su ne masu ba da shunayya da ruwan hoda a bakin rassa. Binciken D'Angelo da Wiedenmann na 2008 ya nuna shuɗin haske mai ƙarfi ne ke sa murjani ya ƙara yin su. Ja ba ya nisa a teku, cikin mitoci kaɗan ruwa ya shanye shi, kuma gwajin Wijgerde da abokan aikinsa na 2014 a kan murjanin Stylophora pistillata ya nuna jan haske yana rage masa kuzari. To ka sauke ja da kore zuwa kashi 5.

Hajiya_Zulai: Gaskiya ne Malam, amma kason da ke kan manhajar fitila ba awo ba ne. Kashi 40 na wannan fitila ba kashi 40 na waccan ba ne. Ka ari na'ura mai shiga ruwa ta auna PAR, wato ƙarfin hasken da gansakukan ke iya amfani da shi, irin Apogee MQ-510, ka auna daidai inda kowane murjani yake, famfunan juya ruwa suna aiki. Acropora yana son 250 zuwa 350, Montipora ya gamsu da 150 zuwa 250, masu manyan baki irin Euphyllia 75 zuwa 150. Kar ka dogara da na'urar lux ko ta waya, don idon mutum aka yi su, suna raina shuɗi ƙwarai.

Idan awon PAR ya yi ƙasa, ƙara shuɗi da shunayya kashi 5 a mako, ba fiye ba. Fari ya tsaya wajen 20 zuwa 25. Awa 12 da cikakken ƙarfi ya yi yawa: awa 8, da awa guda ta hawa da guda ta sauka. Bakin reshe ya fara koɗewa? Koma matakin makon jiya ka tsaya nan mako biyu. Goge gishirin da ke daskarewa a gilashin fitilar, yana cin haske.

Dan_Tanki: Ni dai ina ganin ruwan ne babban mai laifi. Da phosphate 0.2 ko rana ka ɗora masa da wuya ka ga shunayya. Ka nufi nitrate 5 zuwa 10, phosphate 0.03 zuwa 0.1, ta hanyar canza kashi 10 na ruwa duk mako da rage abincin kifi. GFO kuma, wato garin da ke tsotse phosphate daga ruwa, ka sa rabin abin da aka rubuta a kwali, don saukar phosphate farat ɗaya na sa tsoka ta saɓule daga gindi. Kar ka kai su sifili: haske mai ƙarfi a ruwa marar abinci murjani yake koɗarwa, musamman in alkalinity, wato ƙarfin ruwa na daƙile tsami, ya haura 9 dKH.

Sannan gawayin tace ruwa. Tsohon ruwa yana yin rawaya ya tare shuɗi da shunayya. Ka zuba gawayi da yawa, kwana ɗaya ruwa ya washe, haske ya ƙaru ba ka taɓa fitila ba. Makon da ka sa gawayi, bar fitila yadda take.

Bature_Murjani: Na gode. Jiya da na kashe fari na bar shuɗi kaɗai, koren ya fito sarai. Ba ya nufin ya warke?

Hajiya_Zulai: A'a, ɗan'uwa. Furotin ɗin da yake da shi ne ya yi ƙyalli, farin da ke dusashe shi ya kau, shi ke nan. Sabon launi sai mako shida zuwa takwas, kuma a sabon toho yake fara bayyana. Ɗauki hoto duk mako a ƙarƙashin saiti ɗaya mai fari a ciki, lokaci ɗaya, ka riƙa kwatantawa. Ƙasan rassa in ya ci gaba da duhu, inuwa ce, don LED daga wuri guda yake haskowa: ɗaga fitilar zuwa santimita 25 daga saman ruwa ko ka ƙara dogayen fitilun T5 biyu a gefe, sannan ka sake auna PAR.