Za a sayi kamfanin da nake da hannun jari a ciki: in sayar ko in jira?

Baban Amira, Kubwa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Wani kamfanin manhajar kwamfuta na Amurka da na zuba 'yan kuɗina a ciki, an sanar wani babba zai saye shi da tsabar kuɗi. Farashi ya yi tsalle rana ɗaya, sai ya maƙale ƙasa kaɗan da abin da aka yi alkawari. Abokin aikina a Sakatariya yana ta zuga ni in ƙara da opshin, wato kwantiragin da ke ba mutum haƙƙin sayen hannun jari nan gaba a kan ƙayyadadden farashi. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya gaya min yadda ta kaya.

Injiniya, Gwarinpa:
Wa alaikumus salam. Ina riƙe da hannun jarin kamfanin Splunk a Satumban 2023 lokacin da Cisco ya ce zai biya dala 157 kan kowane hannun jari. Daga kusan 120 ya haura wajen 145, daga nan sai rarrafe. Da zarar an tsayar da farashin da za a sayi kamfani, an yi wa jarin rufi ke nan. Abin da ya rage maka shi ne 'yar tazarar nan da ke tsakanin farashin kasuwa da na alkawari, ladan jira da fargaba. Na jira, aka kammala a Maris ɗin 2024, na buɗe manhajar na ga sunan kamfanin ya ɓace, dala na zaune a gurbinsa. Amma gaskiya faɗuwar naira ce ta fi cika min aljihu: a Satumba dala ba ta kai naira 800 a farashin hukuma ba, tsakiyar Maris ta wuce 1,500.

Maman Hanif, Lugbe:
Yallabai, jiran ba kullum yake gajere ba. Microsoft ya yi tayin dala 95 kan kowane hannun jarin Activision a Janairun 2022, ba a rufe cinikin ba sai Oktoban 2023. A Afrilun 2023 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta ce ba ta yarda ba, farashi ya zube ƙasa da 80. Daren nan ina zaune a tsakar gida, wayar na hannuna, ina lissafin kuɗin makarantar yara. Rabi na sayar don hankalina ya kwanta, rabin ya kai ni 95.

Alhaji, Wuse:
Ɗan uwa, opshin ɗin nan ka bar shi. Kwantiragi ɗaya haƙƙi ne na sayen hannun jari 100 a kan farashin da aka ƙayyade kafin wata rana. Ina da irinsa a wani kamfanin, saura watanni wa'adinsa ya cika, sai aka saye shi ƙasa da farashin da ke takardata. Wa zai sayi haƙƙin biyan 60 kan abin da za a karɓe a 55? Kuɗin ya narke nan take, kuma in aka rufe cinikin tsabar kuɗi, wa'adin ma janyo shi ake yi kusa.

Malam, Nyanya:
Ƙari a kan maganar Alhaji, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yanke a 1992 cewa wannan kwantiragi bai halatta ba. Ni tun da na ji haka hannun jari kawai nake saye. Kuma ciniki yakan watse: Adobe ya fasa sayen Figma a Disamban 2023, har ya biya dala biliyan 1 kuɗin fasawa.

Baban Amira:
Allah ya saka da alheri. Zan bi sawun Maman Hanif in sayar da rabi, haya na jirana. Injiniya, ɓarin hannun jari da bai cika ɗaya ba fa?

Injiniya:
Nawa an biya shi daidai gwargwadonsa. Amma ka tambayi dillalinka tun yanzu, a rubuce.