Cigiyar suna: me za mu kira "found footage" da Hausa?

Ɗan Karantina:
Assalamu alaikum jama'a. Daren Alhamis ƙanena ya kunna mana wani fim ɗin tsoro a gida nan Jidda, Kawunmu da ya zo Umara daga Kano yana zaune da kofin shayinsa. Ko minti goma ba a yi ba ya ce, "Wai mai ɗaukar nan masassara yake yi ne? Wane irin fim ne wannan?" Na buɗe baki, sai na ga ba ni da amsa da Hausa. Turawa suna cewa found footage, Larabawa su ce laƙaɗat muktashafa. Ni dai ce masa na yi, fim ne da ake shiryawa kamar mutanen ciki ne suka ɗauki kansu, suka ɓata, wani ya samo kyamarar. Wannan bayani ne, ba suna ba.

Ga wanda bai san irinsu ba, wanda ya fito da su duniya shi ne The Blair Witch Project na 1999. Da rubutu yake farawa: wai ɗalibai uku sun shiga daji kusa da Burkittsville a jihar Maryland ta Amurka a watan Oktoba 1994, ba a sake ganinsu ba, bayan shekara guda aka samu abin da suka ɗauka. Ƙarya ce tsagwaronta, 'yan wasan suna nan da ransu. Kuɗin ɗaukarsa bai kai dala dubu 100 ba, ya kuma tara kusan dala miliyan 250. To ku ba ni suna.

'Yar Shara Mansur:
Yaya, sunansa fim ɗin jiri, a rufe magana. Da aka buɗe silima a Jidda a 2019 ni ma na shiga sahun masu ɗoki, wata rana ƙawayena suka ja ni kallon irin wannan. Rabin fim ina kallon takalmina saboda hajijiya. Ka biya riyal ɗinka a nuna maka ƙasa da ganye da numfashin mutum. Kuma a gaya mini, wane mai hankali ne abu zai biyo shi ya ƙi jefar da kyamara ya ceci ransa? In da gaske kake nema, ka ce "ɗaukar hannu".

Ɗan Karantina:
Ƙanwata, jirin na yarda da shi, ba ke kaɗai kike wannan kuka ba. Amma "ɗaukar hannu" ba zai riƙe ba. Paranormal Activity, wanda Oren Peli ya ɗauka a cikin gidansa da dala dubu 15, inda ya fi tsorata mutane kyamarar a kafe take a ɗakin kwana, ko motsi ba ta yi. Saurayi da budurwarsa na barci, agogo na tafiya a gefen hoto, kai kuma ka zura wa ƙofa ido. Ga finafinan yaƙi birjik da ake ɗauka da hannu, ba wanda ya sa su a wannan layi.

Baba Direba, Riyad:
Yaro, ku ce "kamar gaske" mana. Ai abin da suke so ke nan.

Ɗan Karantina:
Allah ya ƙara girma, Baba. Tsorona kada "kamar" ɗin ya faɗi a hanya a bar "fim na gaske". Ka san mutanenmu, gobe sai ka ga guntunsa yana yawo a WhatsApp an rubuta "aljani ya bayyana, a tura wa 'yan uwa". Ba mu kaɗai ba ne ma: a Italiya a 1980 hukuma ta ƙwace fim ɗin Ruggero Deodato mai irin wannan salo, aka kai shi kotu, jita-jita ta bazu cewa da gaske aka kashe 'yan wasan. Ina son sunan da in an faɗe shi an san salon shiri ne.

Malam na Misfala:
Wa alaikumus salam. Ni ba makallaci ba ne, jikokina ne suka nuna mini wannan zance, amma kalmar Larabcin da ka kawo ta tsayar da ni. Guntun hoton da aka ɗauka, Balarabe ya ce laƙɗa. Abin da aka tsinta a hanya, a littattafan fiƙihu luƙaɗa ne. In ba a sa wasali ba, rubutunsu ɗaya ne, asalinsu ma ɗaya: lam, ƙaf, ɗa, wato ɗauko abu daga ƙasa. Mu kuma da aka karantar da mu babin luƙaɗa a zaure, da kalma ɗaya malamanmu suka fassara mana shi: tsintuwa. Hukuncinta a yi cigiya shekara guda, ta nan Harami kuwa ba a ɗaukarta sai don a yi cigiyar mai ita. Ka ce bayan shekara aka samu kayan ɗaliban can, ka ga har adadin ya zo daidai, ko da yake su ba su san da wannan ba. Me zai hana a ce fim ɗin tsintuwa?

Ɗan Karantina:
Allah ya gafarta Malam, ka gama da ni. Abin da ya sa ta zauna mini: tsintuwa ba ta yiwuwa sai da mai abu da ya rabu da abinsa. Duk tsoron finafinan nan a nan yake kwance. Tun kafin a fara ka san mai riƙe da kyamarar bai dawo gida ba, don da ya dawo da ba a tsinta ba. Kana ganinsa yana dariya yana tsokanar abokansa, kai ka riga shi sanin ƙarshensa. "Ɗaukar hannu" hannun kawai ta gani, "kamar gaske" mai kallo ta gani, tsintuwa ce ta tuna da wanda ya ɓata.

Ɗalibi a Madina:
Na goyi bayan Malam, amma a kula da gini. Wasu za su so "tsintaccen fim", don shi ya fi kama da yadda Turancin ya jeru. Kada a yi. Tsintaccen abu a kunnen Bahaushe abu ne mara asali, tsintacciyar mage ba ta mage. In ka ce tsintaccen fim, za a ɗauka wanda aka kwafo a bakin kasuwa kake nufi. "Fim ɗin tsintuwa" kuwa ya bi sahun fim ɗin yaƙi, fim ɗin soyayya, fim ɗin dariya. Jam'i, finafinan tsintuwa. Sai dai ga tambaya: na zamanin nan fa? A 2020 lokacin kullen korona an yi wanda duk a Zoom yake, wasu kuma daga kyamarar tsaro aka haɗa su. Me aka tsinta a nan?

Ɗan Karantina:
Ba a tsinci komai a ƙasa ba, gaskiya ne. Amma har yau muna cewa faifan bidiyo, yaushe rabonka da ganin faifai? Suna yakan tsaya ko da kayan sun canja. Muddin fim ya yi da'awar ba don mu aka ɗauke shi ba, faɗowa hannunmu ya yi, na tsintuwa ne.

Saura wani sunan kuma da nake nema, na abin da suke kira psychological horror. Na ga wani ya rubuta "tsoro na ƙwaƙwalwa", sai ka ce sashen asibiti. Ni "waswasi" nake so, don irinsu ba sa nuna maka dodo, barinka suke kana tambayar kanka ko ka ga abu ko idonka ne.

Malam na Misfala:
Waswasi ka bar mana shi, ɗana, yana da mai shi, kullum muna neman tsari daga gare shi. Hausa ba ta rasa kalma a nan ba. Razana ita ce ta farat ɗaya, abu ya faɗo maka ka zabura, ta wuce. Fargaba ita ce wadda ake kwana da ita alhali ba abin da ya faru tukuna.

'Yar Shara Mansur:
To in haka ne, wanda ake buga ƙara fuska ta faɗo maka, fim ɗin razana. Wanda ake ja maka rai, na fargaba. Kuma bari in faɗi gaskiya don kada a ce na cika musu: wanda ya sa ni jiri a silima, da na sake kallonsa a jawwal, wato waya, ni kaɗai cikin dare, ban ƙarasa ba. A ƙaramin allo ba ya kama da fim, kama yake da abin da wani ya turo maka bisa kuskure. An ce tsoro na daji, kunya na gida, waɗannan kuwa har ɗaki suke kawo maka shi. Sai da na karanta Ayatul Kursiyyu na bar fitilar bayi a kunne.

Baba Direba, Riyad:
Ni har yanzu ban ga dalilin da mutum zai sayi fargaba da kuɗinsa ba. Amma fim ɗin tsintuwa ya shiga kunne, ko fasinja na faɗa wa zai gane.

Ɗan Karantina:
Shi ke nan, na rubuta: fim ɗin tsintuwa, in mai ja wa mutum rai ne a ƙara "na fargaba". Na gwada a kan Kawu bayan Isha'i ba tare da wani bayani ba. Ya yi shiru, ya ce, "Wato masu shi ba su dawo ba ke nan?" Na ce haka labarin ya nuna. Ya ce to a kunna masa ragowar, amma a bar ƙofar falo a buɗe.